Igiyar Fusae a Tashar Kobane

Ranar da Kashihara Fusae ta fara shigowa ofishinmu na ɗauka ɓatan ƙofa ta yi. Gajeriyar tsohuwa ce, rana ta ƙona mata fuska, hannuwanta kamar na maza, tana riƙe da jakar leda. Ta daɗe a bakin ƙofa tana goge takalmi, sannan ta zo gaban teburina, ta zaro lasisin tuƙin jirgin ruwa sabo fil ta ajiye da hannu biyu.

"An ce ke ce mai zana wa mutane hanya."

Na ce ni ce, sunana Kanae.

Kamfaninmu ƙarami ne, a bakin ruwan Onomichi. 'Yan jirage ne da mu masu filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa, muna ba da su haya ga waɗanda suka sami lasisi jiya-jiya, suke so su yi mako guda suna tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma da yake ba na iya magana da baƙo ba tare da kunnuwana sun ɗau zafi ba, mai kamfanin, Okano-san, ya ajiye ni a ƙuryar ofis ni da taswira. Sabon matuƙi ba a ba shi doguwar tafiya. Ya tashi bayan karin kumallo, ya isa kafin la'asar. Ba a tura shi matsattsen mashigi lokacin da ruwa ke gudu tsakanin tsibirai kamar kogi. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin wuya shi ne inda za a ɗaure jirgi. Yawancin tashoshin na masunta ne, kuma ba ka sa igiya a turkensu sai shugaban ƙungiyarsu ya ce to. Ana zuwa ne da kwalbar giyar shinkafa a naɗe cikin takarda, a sunkuya, a roƙa.

"Ina da ina kike son zuwa?" na tambaye ta ina jawo taswirar.

"Duk inda kika ga dama. Ni ban san ko'ina ba." Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo, ba ta ko nema ba. "Amma ranar ƙarshe nan zan shiga. Kobane. Ni da kaina, hannuna a kan sitiyari. In jefa igiya, a cafe."

Na ji daɗi, don Kobane na cikin wurare mafi sauƙi. Bakin tasharta da faɗi, ruwan wajen ba ya hauka, shugaban masuntanta kuma bai taɓa hana mu ba. Na gaya mata ko watan jiya wasu 'yan mata biyu daga Tokyo sun kwana a can da jirginmu.

"An ba ni labari," ta ce. "Har an ce ɗayar da ɗan guntun wando."

Sai a lokacin na dubi sunan da ke jikin lasisin da kyau. Sunan gidansu ɗaya da shugaban, Kashihara Noriyuki.

"Nori? Ƙanin marigayi maigidana ne. Da aka kawo ni gidan yana ɗan firamare. Ni na riƙa wanke masa wando."

Okano-san ba ya sakar wa sabon hannu jirgi sai ya fita da shi ya ga kamun ludayinsa. Saboda haka Fusae-san ta riƙa zuwa duk ranar da ba ta da aiki a ma'ajiyar lemo, inda take ware manya da ƙanana. Tana zuwa tun kafin Okano-san ya iso, ta zauna kusa da teburina, ta kwance dunƙulen shinkafa ta turo mini ɗaya. Ni ba na tambaya, ita kuma da alama abin da take so ke nan. A haka na san rayuwarta, gutsure-gutsure.

'Yar manoman lemo ce daga wani tsibiri can gabas. A kasuwar kifi ta haɗu da Yoshinobu, wani masunci ɗan Kobane, ta ga yana da kunya da manyan kunnuwa, ta ce shi take so. Shekarar da ta bi aurensu ya sa aka sassaƙa masa sabon jirgi. Ranar da za a tura shi ruwa, masassaƙin ya aiko a yanko masa gashin amarya. Ya naɗe shi tare da 'yan tsana biyu na takarda, ya cusa a wani rami cikin gungumen tsakiyar jirgin, ya toshe. Uwar jirgi ke nan, mai tsaron wanda ke ciki. Uwar jirgi mace ce, kuma a Kobane sun yarda ba ta son ƙafar mace a kan katakonta. In an taka, kifi ya gudu, ko abin da ya fi haka muni. A wasu tsibiran mata na fita su tare da mazansu, miji na jan koma matarsa na tuƙi. Ban da Kobane.

"Ranar aka yi ta yi mini barka," in ji ta. "Wai ni ce sa'ar gidan. Surukata har da hawaye. Ni kuwa ina ta raba ido ko za a ce amarya ta hau a zaga da ita tasha sau ɗaya. Kare ma ya hau, Kanae-chan. Karen maƙwabta ya daka tsalle ya shige, aka yi ta dariya."

Aikin matan Kobane a kan gadar tasha yake, wato dandamalin kankare da ya miƙa cikin ruwa, inda ake ɗaure jirage. Da rana ta karkata sai su sauko su jeru. Jirage na shigowa, kowane miji ya jefo igiya daga goshin jirginsa, matarsa ta cafe ta naɗa a turken ƙarfe. Ba a cafe wa mijin wata sai in tana kwance. Abin kunya ne igiyar mutum ta faɗa ruwa, kafin dare an gama cewa gidansu ba lafiya. Fusae-san ta yi shekara arba'in da ɗoriya a wannan layi, da ciki, da goyo, da zazzaɓi, da ranakun da suka kwana ba sa magana, ba ta taɓa barin igiyar Yoshinobu ta jiƙe ba. Ta san kowace tsaga a kankaren gadar. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne yadda tashar take in an dube ta daga kan ruwa, don jirgin fito ba ya shiga nan, a bayan dutse yake da tasa gadar.

Yoshinobu bai mutu a teku ba. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi a asibiti a nan gari. Ɗansu da ke Osaka ya kama mata ɗaki kusa da asibitin don jinya, bayan rasuwar kuma ba ta koma tsibirin ba sai in za ta kai furanni kabari. "Wa zan cafe wa?" ta ce. Jirgin ya koma hannun Nori, da gashin da komai. Wata rana tana dawowa daga aiki ta ga tallar makarantar koyon tuƙin jirgi a jikin bango. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar rubutu. Ɗanta ya ce a waya, "Mama, ki shiga ajin rawa mana, kamar sauran tsofaffi."

Maganar gaskiya, ba ta iya tuƙi sosai ba. In an daka mata tsawa sai dama da hagu su rikice mata, kuma tana tsoron filafili in iska ta cika shi jirgin ya karkata. Okano-san yakan dawo daga fita da ita yana shafa ƙeya.

"A igiya kam ta fi ni," ya ce. "Sauran sai addu'a."

Daga ƙarshe ya yarda zai ba ta jirgi in ni zan raka ta, tunda ina da lasisi, ita kuma ba ta da abokin tafiya.

Da yake ta gida ce, na ɗauka waya ta isa a nemi izinin Kobane. Ta ce a'a, a je da kwalba kamar yadda ake yi wa kowa. Muka hau jirgin fito wata Talata, kwalbar a cinyata.

Ɗakin ƙungiyar masunta na warin kifi da taba. Nori-san ya taso da hannuwa a buɗe.

"Kai, kai, kai, Yaya! Ashe kina raye? Mun ɗauka birni ya cinye ki."

"Kai ne dai ka cinye tsibirin. Dubi tumbi."

"Wane tumbi? Iska ce zalla. Kifin ma ina yake da za a yi tumbi?" Ya juyo gare ni. "Yarinyar Okano, zauna mana. Har yanzu ba a koya miki magana ba?"

Na ajiye kwalbar, na sunkuya, na faɗi abin da na saba faɗa: jirginmu ne, kwana ɗaya, a ƙarshen gada, ba za mu tare wa kowa hanya ba. Ya ce ai mu na gida ne, ya kai hannu kan kwalbar, sai ya tambayi ko su wane ne baƙin wannan karon. Fusae-san ta zaro lasisin ta ajiye kusa da hannunsa.

Ya yi dariya har da tari. Can ya lura ba mai taya shi. Ya ɗauki katin ya juya gaba da baya.

"Hoton ya yi kyau."

"Ba hoto na zo nuna maka ba."

Ya ja iska ta tsakanin haƙora. "Abin da ɗan wuya, Yaya."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san in an ce da ɗan wuya an gama magana. Amma sai na ji bakina yana cewa ai watan jiya mata biyu ne suka shigo, su kaɗai, ba namiji a jirgin.

"Waɗancan baƙi ne, 'yar nan," ya ce a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. "Uwayen jiragenmu ba su san su ba. Su zo da wando, su zo ba wando, ba ruwan kowa. Yaya kuwa..." Ya nuna taga da haɓa, inda tsohon jirgin Yoshinobu ke ɗaure. "Tana cikin wancan. Ta shigo tana tuƙa wani jirgin daban, ta zo ta tsaya a gefensa? Jirage nawa suka rage mana? Bana koma wayam take dawowa. In wani abu ya sami wani a teku bayan nan, ni za a kalla."

"To ciro mini gashina ka ba ni abina."

"Yaya!"

"Baƙi ne wuluk lokacin da aka yanka. Sai in liƙa a nan gaba ya rufe furfura."

"Ki daina irin wannan magana kusa da ruwa." Ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya. "Wa ya hana ki zuwa? Gidanku ne. Ki taho da Okano, ya riƙe sitiyarin daga bakin katangar tasha zuwa gada, ke ki hakimce a zaune. In ya so a waje ki tuƙa har ƙasar Sin, ba mai ce miki kanzil."

Ta mayar da lasisin cikin jakar leda. Shi kuma ya janye hannunsa daga kwalbar. In an yarda, a take ake buɗe ta, a zuba kofin farko a ruwan tasha. Muna fita matarsa ta biyo mu da ƙatuwar jaka cike da busassun ƙananan kifaye da ganyen teku, har ta fi ƙarfin hannuna ɗaya. Wanda aka cika da tsaraba haka ya san amsarsa.

A kan gada muka tarar da wata tsohuwa zaune a kan akwatin kifi tana ɗinkin koma. Sumie ke nan, wadda turken mijinta ke kusa da na Yoshinobu, suka yi duk shekarun nan kafaɗa da kafaɗa a layi.

"Fusae, wai da gaske kin zama kyaftin?"

"In kina so ke ma in koya miki."

"Da wannan gwiwar? Sai dai a ɗora ni kamar buhun gishiri." Suka yi dariya tare. Sumie-san ta ciji zaren ta tofar. "Kada ki shigo."

"Ke ma uwar jirgin kike tsoro?"

"Wace uwar jirgi? Ni fa na taɓa hawa namu, wata rana duk an tafi biki. Na zauna a ciki na sha tabata tas na sauko. Washegari ya kamo kifin da bai taɓa kamawa ba."

"To?"

"To in kika shigo kina tuƙi, mu muna tsaye muna kallonki, me muka yi ke nan duk shekarun nan a kan gadar nan? Ke kin tafi birni. Mu gobe ma nan za mu sauko mu jeru. Ki bar mu da abin da muka sani."

"Igiya ɗaya ce, Sumie. Lokacin da kika haifi autarki wa ya riƙa cafe wa mijinki?"

"Ban manta ba."

Ta ci gaba da ɗinki. Muka tsaya jim, sannan muka bi bayan dutse. A cikin jirgin fito Fusae-san ta turo mini jakar da ƙafa.

"Kai wa mamarki. Yana daɗi a miya."

Na sake zana hanyar. Na mayar da kwanan ƙarshe wani tsibiri da ke gaba da Kobane kaɗan, mai tashar 'yan yawo, yadda za mu wuce ta waje kawai. Okano-san ya duba ya ce ya yi, mu ɗaga musu hannu daga nesa. Da na nuna wa Fusae-san, ta daɗe tana bin layin da ido.

"Nan da wane lokaci za mu wuce?"

Na ce da hantsi ya fi, ruwa na bin bayanmu.

"Ni na fi son in rana ta karkata. Ai lokacin ruwan tsayawa yake, ko ba haka kika koya mini ba? Sabon hannu ya fi son ruwa a tsaye."

Haka ne, kuma ita ce matuƙiya. Na gyara.

Ranar farko amai ta yi ta yi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a bokiti, ta ƙi ba ni tuƙin. A tashar da muka fara kwana wani ma'aikaci mai hula ya cafe igiyarta da fara'a, ta yi masa godiya kamar wadda aka miƙa wa gishiri a tebur. Mun yi yini guda a ɗaure saboda ruwan sama, muka tafi gidan wanka na ƙauyen, ta cuɗa mini baya da ƙarfin da har washegari ina ji. Wata safiya iska ta zo mana daidai daga gefe, filafilin ya cika, jirgin ya karkata yana tsaga ruwa, maimakon ta yi ihu a sassauta kamar kullum sai na ji ta bushe da dariya.

"Ashe abin da ɗan banzan nan yake sha ke nan kullum, ya dawo yana ce mini ya gaji!"

Na ce ai nasa jirgin inji ne, ba filafili.

"Ke dai kada ki kare shi."

Ranar ƙarshe, rana ta karkata, Kobane ta fito a hannun hagunmu da gonakin lemonta da suka koma daji. Muna daidai bakin katangar tasha ta ce in sauke filafili. Na sauke. Ta tayar da inji.

"Rataya tayoyin gefe," ta ce. Ba a rataya su sai in za a jingina jirgi da gada.

"Fusae-san..."

"Ke ce matuƙiya ko ni?"

Na rataya. Ta juya sitiyarin a hankali, ba ta rikita dama da hagu ba. Muka shige tsakanin katangun, ƙarar injinmu tana dawo mana daga jikin kankare. Jiragen masunta sun riga sun shigo, ana sauke akwatuna. Matan na kan gada, tsofaffi ne duka, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowacce da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗago. Nori-san na tsaye a cikin jirgin yayansa da tiyo a hannu, ruwa na zuba a kan takalminsa.

Fusae-san ta dubi gidajen da suka hau jikin tudu, da rumfar ƙanƙara, da matakalar da ke zuwa maƙabarta.

"Ashe haka take," ta ce. "'Yar mitsitsiya."

Ta kai mu kusa da ƙarshen gada, ta cire giya, ta ce in riƙe sitiyarin kada in motsa shi. Ta bi gefen jirgin tana dafa wayar kariya har goshinsa, ta ɗauki igiyar da ta naɗe tun safe, ta raba ta hannu biyu.

"Sumie!"

Ta jefa. Igiyar ta warware a sama sumul, ta sauka a kan gadar, bakinta a kan takalmin Sumie-san.

Sumie-san ta dubi igiyar. Hannuwanta na ƙarƙashin ƙyallen aikinta, kuma a nan suka zauna. Jirginmu ya fara ja baya da kansa kaɗan-kaɗan, igiyar ta zame daga kan takalmin, ta bi kankare tana jan ƙwayar yashi, ta kai baki, ta faɗa ruwa.

Na ce bari in yi tsalle in ɗaure.

"Zauna. Ke baƙuwa ce, naki ba ya shiga lissafi."

Ta jawo igiyar tana ɗiga, ta sake naɗewa, ta sake jefawa. Jiƙaƙƙiyar igiya nauyi gare ta, ta daki kankare da ƙara. Wata tsohuwa ta ja da baya kada ruwan ya fallatsar mata. Wata kuma ta sunkuya ta kama gyaran akwatin da ba abin da ya same shi. Sumie-san ta juya fuskarta wajen tudu, ba ta fito da hannun ba.

Duk wannan lokaci iska na tura mu gefe, wajen jirgin Yoshinobu. Nori-san ya yar da tiyon ya rarumi doguwar gora.

"Yaya, ya isa! Don girman yayana, ya isa haka!"

Ya tokare gefen jirginmu da gorar, ya turo da duk ƙarfinsa kada jiragen biyu su taɓa juna. Fuskarsa ta yi jawur. Tsakaninsa da ita bai fi a miƙa hannu ba. Ta dube shi, ta dubi gungumen tsakiyar jirgin da yake tsaye a kai, sannan ta jawo igiyarta ta zubar da ita a tsibe ba naɗi, ta dawo ta karɓi sitiyarin.

A nan ne hannun ya rikice mata. Ta sa giyar baya da ƙarfi, ta juya ta inda bai kamata ba, bayan jirgin ya gogi katanga da wata ƙara mai tsayawa a haƙori. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi. Ta gyara, ta sake gyarawa, muka fita.

Ba ta yi kuka ba. Mun yi nisa sosai, Kobane ta koma bayanmu, sannan ta ce in zuba mata shayi. Ta riƙe kofin da hannu biyu, tana tuƙi da gwiwa.

"Jifan dai ya yi kyau, ko?"

"Ya yi kyau."

"Na farkon."

"Duka biyun."

Ta gyaɗa kai ta kurɓi shayin.

Okano-san ya ga fentin da ya kankare bai damu da shi ba. Kobane ce ta dame shi, don in aka rufe mana ita ba mu da wata tasha mai sauƙi a wannan yanki. Ya sa kwat ya ɗauki kwalba da kansa ya hau jirgin fito. Da yamma ya dawo yana warin giya. Nori-san ya buɗe kwalbar tun kafin ya gama sunkuyawa. Jiragenmu su zo ko da yaushe, da ko wane ne a kan sitiyari, mace ko namiji. Mutum ɗaya kawai aka cire.

"Ke za ki gaya mata," in ji Okano-san. "Ta fi jin maganarki."

Bayan mako biyu ta zo da kwalin lemon tsami, wai na ban haƙuri saboda fenti. Okano-san ya ga shigowarta ya tuna yana da aiki a bakin ruwa. Ta zauna a kujerarta ta da, ba ta zo da dunƙulen shinkafa ba. Na gaya mata ina kallon taswira.

"Ai na sani," ta ce. "Nori ya bugo wa ɗana. Wai a kai ni asibiti a duba kaina."

Na tambaye ta ko in zana mata wata hanyar in bazara ta zo, ta gabas, wajen tsibirinsu na haihuwa. Akwai tashoshi masu kyau a can.

"A'a. Ki ba masu ƙuruciya." Ta gyara zaman kwalin a kan teburin, ta daidaita shi da bakin tebur. "Akwai wurina a maƙabartar Kobane, kin sani, kusa da shi. An ma sassaƙa sunana a dutsen, jira kawai yake. Na gaya wa ɗana ya nema mini wani wurin a Osaka, ko a cikin irin akwatunan nan ne na bene da ake ajiye tokar mamaci."

Na ce Yoshinobu-san fa?

"Yana da gashina a kusa, ya ishe shi." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "In na bari suka kai ni, Kanae-chan, ta bayan dutse za su shigar da ni, tokata a cikin tulu, a kan cinyar wani. Kuma duk za su fito tarya. Sumie ce ma za ta fi kowa kuka."

Ta sunkuya, na sunkuya. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in fara shan na saman kwalin, sun fi nuna, kada su lalace.